RUFIN ASIRI KO HA'INCI? ABIN LURA A CIKIN LABARIN SARKIN ASHANA

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, muna kuma neman tsira da aminci ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, akwai wata tambaya da muke so mu tsaya a kanta a wannan fitowa, domin tambaya ce da ke iya faɗowa kan kowane mutum da aka taɓa damƙa wa dukiyar wani. Ga tambayar: mutum ne jama'a suka ba shi kuɗinsu ya juya, sai ya yi hasara, ya ɓoye hasarar da niyyar zai cike giɓin kafin kowa ya sani, kuma a zuciyarsa ba ya nufin cin ko sisin wani. Shin wannan rufin asiri ya yi, ko kuwa amana ya ci?

Tambayar ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato. Dukkanmu muna roƙon Allah rufin asiri safe da yamma, kuma kowa ya san ɗan kasuwa ba ya buɗe cikinsa ga duk wanda ya zo wucewa. To, a ina rufin asiri yake ƙarewa, a ina ha'inci yake farawa? Za mu nemi amsa a cikin labarin wani Bature ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ivar Kreuger, wanda duniya ta yi wa laƙabi da Sarkin Ashana. Ya gina daular kasuwanci a kan abu mafi araha a cikin gida, wato ashana, wadda wasunmu ke kira alimeti, har ya kai ga ba gwamnatoci bashi, sannan daular ta rushe cikin ƴan makonni.

Daga siminti zuwa ashana

An haifi Kreuger a garin Kalmar na Suwidin ranar 2 ga Maris 1880. Yana da shekara 20 ya kammala karatun injiniya a Sitokholm, babban birnin ƙasar, ya fita duniya neman sani da abin kai. Ya yi aikin gine-gine a Amurka da Meksiko da Afirka ta Kudu, inda ya ƙware a sabuwar hanyar gini da siminti mai ƙarfe a ciki. A 1908 ya haɗa kai da wani injiniya mai suna Paul Toll suka kafa kamfanin gini Kreuger & Toll.

Abin da ya fitar da sunan kamfanin nan shi ne cika alkawari. A lokacin, magina sun saba jinkiri, mai gida kuma shi ke ɗaukar hasarar. Su kuwa sai suka riƙa yanke ranar gama aiki a rubuce, da sharaɗin in sun wuce ranar za su biya tara, in sun gama kafin ta a ƙara musu lada. Suka riƙa gamawa a kan lokaci. Da hannunsu aka gina filin wasannin Olamfik na Sitokholm na shekarar 1912, su ne kuma suka yi harsashin babban ginin majalisar birnin. Mu riƙe wannan da kyau: jarin farko na mutumin nan shi ne an san shi da faɗa da cikawa, kuma a kan wannan suna ne aka ba shi duk abin da aka ba shi daga baya.

Iyalinsa suna da ƙananan masana'antun ashana a yankin Kalmar. Suwidin kuwa ita ce mahaifar ashanar da muka sani a yau, wadda ba ta kamawa sai an ƙyasta ta a gefen kwalinta. Wani masani mai suna Gustaf Erik Pasch ya ƙirƙiro ta a 1844, aka inganta ta a garin Jönköping. A 1913 Kreuger ya haɗa ƙananan masana'antu wuri ɗaya, a 1917 kuma ya haɗe su da babban kamfanin Jönköping, aka sami kamfani guda, wanda duniya ta sani da Swedish Match. Ya mallaki dazuzzukan katako da masana'antun sinadarai da na injuna, ta yadda tun daga itace har zuwa kwali komai nasa ne.

Hikimar zaɓen ashana a fili take. A wancan zamani wutar lantarki ba ta kai yawancin gidaje ba. Mai dafa abinci da mai kunna fitila da mai shan taba, kowa sai ya ƙyasta ashana, talaka da mai kuɗi, ran wadata da ran tsanani. Kuma abu ne mai arahar da in an ƙara masa ɗan kuɗi kaɗan ba wanda zai tayar da hankali, amma in aka tara wannan ɗan kaɗan daga miliyoyin gidaje sai ya zama dukiya mai yawa.

Mai ba gwamnatoci bashi

Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, ya bar ƙasashen Turai cikin talauci da bashi. Kuɗi suna Amurka, amma Amurkawa suna tsoron ba waɗannan gwamnatoci rance. Sai Kreuger ya tsaya a tsakani. A 1923 ya kafa kamfanin International Match a Amurka tare da tsohon bankin nan mai daraja na birnin Boston, Lee, Higginson. Bankin yana sayar wa Amurkawa hannun jari da takardun bashi na kamfanonin Kreuger, shi kuma yana ɗaukar kuɗin ya ba gwamnatoci rance, da sharaɗin a bar masa kasuwar ashana ta ƙasar shi kaɗai, ko a ba shi babban rabo a cikinta.

Ƙasar Polan ta karɓi dalar Amurka miliyan 6 a 1925. Faransa ta karɓi miliyan 75 a 1927, Hangari miliyan 36 a 1928, Jamus kuma miliyan 125 bisa yarjejeniyar 1929. Girka da Romaniya da Yugoslabiya da Latbiya da Turkiyya da Ekwado duk sun shiga layi. Daga 1925 zuwa 1930 rancen da ya bayar ya doshi dalar Amurka miliyan 400, kuɗin da a wancan zamani ya fi ƙarfin baitulmalin ƙasashe da dama. Dokar da ta keɓe kasuwar ashana a Jamus ta ci gaba da aiki har 1983, shekara hamsin da ɗoriya bayan mutuwarsa. Ma'anar wannan tsari ita ce, duk matar da ta hura wutar girki a waɗannan ƙasashe tana biyan wani ɓangare na bashin gwamnatinta, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Wajen 1930 fiye da rabin ashanar duniya daga masana'antun da ke ƙarƙashinsa take fitowa. Bai tsaya nan ba. Ya kama ragamar kamfanin wayar tarho Ericsson, ya kafa kamfanin katako da takarda SCA a 1929, ya sayi mahaƙar zinariya ta Boliden, ya sami hannun jari a ma'adinan ƙarfe da bankuna da manyan gidaje a biranen Turai. Shugaban Amurka Herbert Hoover ya karɓe shi a fadarsa. Mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta ranar 28 ga Oktoba 1929, a daidai makon da kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi. Ƴan kasuwa suna ta karyewa, shi kuwa yana ci gaba da biyan riba kamar ba abin da ya faru, jama'a suka ƙara sakankancewa cewa dukiyarsu tana hannun da ba ya rawa.

Abin da ke bayan labule

Kamfanin Kreuger & Toll ya kai ga raba wa masu hannun jari ribar kashi 30 cikin 100 a shekara. Amma rancen Faransa kashi 5 cikin 100 yake kawowa, na Jamus kashi 6, ribar ashana kuma, duk da yawanta, ba ta isa ta cike tazarar ba. To daga ina sauran yake fitowa? Daga kuɗin sababbin masu zuba jari. Ana karɓar kuɗin na yau a biya na jiya da sunan riba, na jiya ya ji daɗi ya ba da labari, na gobe ya ji labari ya kawo nasa.

Domin kada a gane, ya kafa ɗaruruwan kamfanoni masu bin juna bashi, wasu a ƙasashen da ba a tsananta bincike, kamar Continental Investment a ƴar ƙaramar ƙasar Liechtenstein da Garanta a Holan. In hasara ta taso a wannan littafi sai a tura ta wancan, in ana son nuna riba a can sai a rubuto ta daga nan. Ba wanda ya san hoton gaba ɗaya sai shi kaɗai. Ya kuma fitar da wani nau'in hannun jari wanda ƙuri'arsa kashi ɗaya ce cikin dubu na ƙuri'ar hannun jari na asali, ta yadda mutane za su kawo kuɗi amma ba su da bakin magana. An ruwaito cewa da aka tambaye shi asirin nasararsa, amsar da ya bayar ita ce shiru, da ƙarin shiru. Mutane suka ɗauki wannan a matsayin natsuwar babban mutum.

Da rami ya yi zurfi sai ya taka matakin da ba shi da fassara biyu. Ya sa aka buga takardun bashi na jabu da sunan gwamnatin Italiya, waɗanda darajarsu a rubuce ta haura dalar Amurka miliyan 100, aka ƙirƙiri sa hannun jami'an ƙasar a kansu, ya ajiye su a akwatin ƙarfe, ya lissafa su cikin dukiyar kamfani. Ƴan kaɗan da suka san da su ya gaya musu yarjejeniya ce ta sirri da gwamnatin Italiya, kada a kuskura a yi maganarta. Suka yi shiru.

A 1931 ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Tattalin arzikin duniya ya durƙushe, Amurkawa suka daina sayen takardu, bankunan Jamus suka shiga rikici, a watan Satumba kuma Ingila da Suwidin suka raba kuɗinsu da ma'aunin zinariya, darajar kuɗin Suwidin ta faɗi alhali bashin da ke kansa da dalar Amurka ne. Don neman tsabar kuɗi ya sayar wa kamfanin ITT na Amurka hannun jarinsa na Ericsson, ya karɓi dala miliyan 11. Su kuwa masu sayen suka yi abin da kusan ba wanda ya taɓa yi masa: suka ce sai masu binciken lissafi sun duba littattafan. Da aka duba sai aka tarar kuɗin da aka rubuta cewa suna cikin asusun Ericsson ba tsaba ba ne, bashi ne da Ericsson ke bin wasu kamfanonin Kreuger. A farkon 1932 ITT ya fasa cinikin, ya ce a mayar masa da kuɗinsa.

Ranar 12 ga Maris 1932, ranar da manyan ma'aikatansa da ƴan banki ke jiransa a birnin Paris don ya amsa tambayoyi, aka same shi a gidansa a mace da harbin bindiga a ƙirji, yana da shekara 52. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa, ko da yake wasu daga danginsa sun yi ta musanta haka.

Bayan makonni kaɗan masu bincike na kamfanin Price Waterhouse suka bayyana cewa littattafan ba su nuna gaskiya ba, daga baya kuma suka tabbatar cewa ribar da aka yi shekaru ana shelantawa ta ninka ta gaskiya sau da yawa. Dubban iyalai a Suwidin da Amurka suka rasa ajiyarsu. Bankin Lee, Higginson ya durƙushe. An ɗaure wasu makusantansa, har da ƙanensa Torsten. Faraministan Suwidin Carl Gustaf Ekman ya sauka a watan Agusta 1932, bayan ta bayyana cewa ya karɓi kuɗi daga Kreuger ya kuma musanta. A Amurka wannan rushewa tana cikin dalilan da suka sa aka kafa dokokin 1933 da 1934, waɗanda suka wajabta wa kamfanonin da ke karɓar kuɗin jama'a su bayyana lissafinsu, a kuma sa masu bincike daga waje su tantance shi.

Hujjar masu kare shi

Adalci ya wajabta mu saurari masu kare mutumin nan, domin suna da hujjoji uku masu nauyi, kuma su ne hujjojin da zuciyar kowane mai riƙon amana ke kawo masa ranar da ya shiga matsi.

Ta farko, suna cewa shi ba ɗan damfara ba ne irin wanda ke sayar da iska. Masana'antunsa na gaske ne, ashanarsa tana kamawa, dubban mutane sun ci abinci a ƙarƙashinsa. Ericsson da SCA da Boliden suna nan da ransu har yau, Swedish Match ma ya ci gaba da aiki, a 2022 kuma kamfanin Philip Morris ya saye shi. Rancen da ya bayar ya taimaki ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita, Faransa ma ta biya nata tun kafin wa'adi.

Ta biyu, suna cewa niyyarsa ya biya. Bai tattara dukiya ya gudu ba, ya tsaya yana fafutuka har ranar ƙarshe, kuma guguwar 1929 ta kayar da masu gaskiya da yawa. Da kasuwa ta farfaɗo da wuri, wataƙila da ya cike giɓin ba wanda ya ji.

Ta uku, suna cewa shirun nasa rahama ne. Da ya fito a 1930 ya ce ga halin da ake ciki, da jama'a sun ruga karɓar kuɗinsu, komai ya rushe nan take, ma'aikata su rasa aiki. Ashe ba gara ya rufe ya nemi mafita ba?

Inda iyakar take

Amsarmu tana farawa da tambaya ɗaya: asirin wa aka rufe? Rufin asirin da muke roƙo, wanda kuma ake yaba wa mai yin sa, shi ne mutum ya suturta abin da yake nasa, ko ya suturta aibin ɗan'uwansa wanda ba ya cutar da wani. Mai gida ya kwana da yunwa ya fito da farar riga bai roƙi kowa ba, wannan mutunci ne. Ɗan kasuwa ya ƙi gaya wa abokin gasarsa inda yake saro kaya, wannan haƙƙinsa ne. Amma halin da dukiyar wani take ciki a hannunka, labarin mai dukiyar ne, kai ajiyarsa kawai aka ba ka. In ka ɓoye masa, ka hana shi abin da yake nasa.

Ga ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya auna kansa da shi. In da mai dukiyar ya san abin da kake ɓoyewa, zai bar kuɗinsa a hannunka? Zai ƙaro wasu? In amsar ita ce a'a, to shirunka shi ke riƙe da kuɗin, kuma yardar da ya ba ka ta zama yardar da aka samu da yaudara. Abu na farko da Kreuger ya ƙwace wa mutane shi ne zaɓinsu. Malamin makaranta a Suwidin ko gwauruwa a Boston da suka sayi takardunsa suna da haƙƙin su ce mun yarda da wannan haɗari ko ba mu yarda ba. Shi ya yanke musu hukunci, ya sa dukiyarsu a caca alhali suna zaton tana cikin rumbu. Saboda haka muke cewa cin amanar ya auku tun ranar da aka rubuta lambar ƙarya ta farko, shekaru kafin a kasa biyan kowa.

Da wannan hujja ta farko ta faɗi. Gaskiyar masana'antu ba ta wanke ƙaryar littafi. Hasali ma ita ta sa ƙaryar ta yi tsawon rai, domin wanda ya ga hayaƙi na tashi daga masana'anta ba ya tunanin tambayar lissafi. Ƙaryar da aka cuɗa da gaskiya ta fi tsagwaronta haɗari, kamar yadda tsakuwa a cikin shinkafa ta fi tsakuwar da ke kan hanya karya haƙori.

Hujja ta biyu kuwa, mu ɗauki misalin mutum biyu da aka ba kowannensu ajiyar hatsi. Kowanne ya buɗe rumbun ba da izini ba, ya sayar, ya sa kuɗin a noma da niyyar mayarwa da kaka, kuma duk lokacin da mai hatsin ya tambaya sai ya ce masa hatsinka na nan lafiya. Na farko damina ta yi masa kyau ya mayar, ba wanda ya sani. Na biyu fari ya same shi, asiri ya tonu. Jama'a za su kira na biyu maci amana, su ci gaba da girmama na farko. Amma aikinsu ɗaya ne, ruwan sama ne kawai ya bambanta su, kuma ruwan sama ba ya mayar da haram halal. Kyakkyawar niyya tana ƙara wa aikin halal lada, ba ta halatta taɓa dukiyar wani ba da yardarsa ba. Da kasuwar duniya ta farfaɗo a 1931, da yau ana karanta sunan Kreuger cikin gwarzaye, takardun Italiya na jabu kuma da sun ci gaba da zama na jabu a cikin akwatinsu.

Hujja ta uku ita ce mafi yaudarar zuciya, domin tana sa wa tsoro rigar tausayi. Mu duba abin da shirun ya haifar. Domin a ci gaba da biyan ribar da babu ita, dole a riƙa jawo sababbin mutane. Duk wanda ya sayi takardun Kreuger a 1930 da 1931 an shigo da shi ne cikin gidan da maginin ya san ginshiƙinsa ya tsage. Shirun bai hana rushewa ba, ya jinkirta ta ne har gidan ya ƙara cika. Hasarar da za a iya faɗa a shekarar farko a sha kunya a wuce, ita ce ta girma har ta kai ga buga takardun jabu. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa mutane nawa aka tura ciki?

Ƙofar da ya rufe wa kansa

Abin tausayi a labarin nan shi ne hasara a kasuwanci ba laifi ba ce. Malaman fiƙihu sun yi bayani a babin ƙirali, wato inda wani ya kawo dukiya wani ya kawo aiki, cewa riba ana raba ta bisa kason da aka yi yarjejeniya, in kuwa hasara ta zo ba tare da sakaci ko ƙetare iyaka ba, mai dukiya ya yi hasarar dukiyarsa, mai aiki ya yi hasarar wahalarsa, ba a bin sa komai. Sun kuma ce in aka yanke wa mai dukiya wata riba tabbatacciya tun farko, yarjejeniyar ta ɓaci. Hikimar wannan tana bayyana a labarin Kreuger. Kasuwa tana hawa tana sauka, to duk wanda ya ɗaure kansa da biyan ƙari tabbatacce kowace shekara, ko ya saba wa mutane da ribar da ba ta taɓa raguwa, ranar da kasuwa ta juya zaɓi biyu ne ke gabansa: ya karye a fili ko ya yi ƙarya. Daular ashana an gina ta ne a kan rance mai ruwa, ana karɓa da ruwa ana bayarwa da ruwa, shi ya sa ba ta da wurin numfashi.

Mai gaskiya yana da ƙofar fita. Zai tara masu dukiya ya ce ga abin da ya faru, ga abin da ya rage. Za a ji zafi, wasu za su yi faɗa, amma addini ya yi umarni a saurara wa wanda bashi ya yi wa nauyi har ya sami sauƙi, kuma mutane sukan sake amincewa da wanda ya faɗi ya faɗi gaskiya. Kreuger ya fara rayuwarsa da cika alkawari, har sunan wanda ba ya kuskure ya zame masa kurkuku. Ya fi tsoron a ce ya gaza fiye da tsoron ya yi ha'inci. Wannan ciwo ba na Turawa kaɗai ba ne.

Rabon masu shiru

Ba za mu ɗora wa mutum ɗaya dukkan kayan ba. Ina ƴan bankin da suka sayar da takardunsa ba su ga cikakken lissafi ba? Ina daraktocin da ke sa hannu a kan abin da ba su karanta ba? Ina masu hannun jarin da ke karɓar kashi 30 cikin 100 ba su taɓa tambayar wace irin ashana ce ke haihuwar wannan riba ba? Kowa ya ga alamar tambaya, amma riba tana da daɗi, sai aka bar kaza cikin gashinta. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne ga mai karɓa kamar yadda yake ga mai bayarwa. Abin lura ne cewa daular da ta gagari kowa shekara da shekaru, bincike ɗaya na mai saye da ya nace sai ya gani da idonsa ne ya girgiza ta.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Mu mutane ne masu kunya, kuma kunya alheri ce, amma sau da yawa mukan ɗauki neman lissafi a matsayin zargi. A ba mutum kuɗin ginin masallaci, ko kuɗin adashi, ko gadon marayu, ko jarin ɗan'uwa da ke ci-rani, shekaru su wuce ba wanda ya ce a kawo littafi, wai kada a ɓata zumunci. Alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma a Suratun Nisa'i an yi umarni a kafa shaidu lokacin miƙa wa marayu dukiyarsu. Waɗannan umarni ga muminai aka yi su, mutanen da ake kyautata wa zato. Rubutu da shaida kariya ne ga mai riƙon amana kansa, domin mutumin da ya san za a duba littafinsa ƙarshen wata ba ya samun damar yin ƙaramar ƙaryar farko wadda ke jawo manya. Wanda ya bar ɗan'uwansa da dukiya shekara biyar ba tambaya, ya bar shi shi kaɗai da Shaiɗan, sannan in abu ya lalace ya fi kowa ɗaga murya.

Saboda haka muke kira ga duk wanda ke riƙe da dukiyar wani, ya kawo lissafi tun kafin a tambaye shi, ya faɗi hasara tun tana ƙarama, kada ya biya wani da kuɗin wani ya kira shi riba. Wanda kuma ya ba da dukiyarsa, ya rubuta, ya kafa shaidu, ya tambaya cikin ladabi, kuma in an yi masa alkawarin ribar da ta fi hankali ya nemi sanin daga ina take fitowa. In ɗan'uwa ya zo mana da gaskiyar hasararsa, mu sassauta masa, domin al'ummar da ke wulaƙanta wanda ya faɗi gaskiya tana koya wa sauran su yi ƙarya. Wanda kuwa ya riga ya shiga irin wannan rami, ya sani yau ta fi gobe sauƙin fita, kuma kunyar duniya ba ta kai a yanke ƙauna daga rahamar Allah ba.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya rufa mana asiri rufi na gaskiya, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, Ya sa mu gama da duniya lafiya.